Sauti huɗu na aro: yadda Charles Ives ya gina Sonatar Konkod

A ranar 20 ga Janairu, 1939, wani makaɗin piyano mai suna John Kirkpatrick ya zauna a zauren Town Hall na birnin Niyok, ya kaɗa wani dogon kiɗa da aka buga a takarda tun 1920 amma makaɗa suka yi ta kewaye shi kamar kududdufi. Wanda ya tsara kiɗan, Charles Ives, tsohon ɗan kasuwar inshora ne mai shekara 64, ga rashin lafiya, ko zauren bai je ba. Washegari Lawrence Gilman, mai sharhin kiɗa a jaridar New York Herald Tribune, ya rubuta cewa wannan ne kiɗa mafi girma da wani Ba'amurke ya taɓa tsarawa.

Kiɗan shi ne sonatar piyano ta biyu ta Ives, wadda ya sa wa sunan garin Konkod na jihar Massachusetts, ya haɗa da shekarun 1840 zuwa 1860. Sonata dai kiɗa ne zalla, ba murya ba baiti, wanda ake rabawa kashi uku ko huɗu. Wannan tana cin kusan minti 45 ko fiye. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne ginshiƙin da ke riƙe da ita duka ba na Ives ba ne. Sauti huɗu ne da kowa ya sani, ko wanda bai taɓa shiga zauren kiɗan Turawa ba ya ji su a talla ko a ƙarar waya: da-da-da-daam, mafarin simfoni na biyar na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan Bajamushe (simfoni dogon kiɗa ne na babbar ƙungiyar makaɗa). Mu kan ce zanen aro ba ya rufe katara. To ga mutumin da ya ɗinka babbar rigarsa da zanen aro, da gangan, kuma ya rubuta littafi guda don ya bayyana dalili.

Gidan da ya fito

An haifi Ives a Danbury, jihar Connecticut, a 1874. Mahaifinsa George shugaban 'yan badujala ne, ya yi wannan aiki a rundunar Arewa lokacin yaƙin basasar Amurka, ya dawo gida ya ci gaba da jagorantar makaɗan gari da waƙoƙin tarurrukan wa'azi da ake yi a fili. Ives ya ba da labarin wani magini mai suna John Bell da ke rera waƙar coci da ƙarfi, murya a karkace. Wani ya yi wa George ƙorafi a kan yadda yake jure wannan hargowa. George ya ce masa ya dubi fuskar mutumin, kada ya cika sa kunne ga sautin, domin in ya yi haka kiɗan zai wuce shi. Duk wanda ke son fahimtar Sonatar Konkod ya riƙe wannan labari. Ɗan ya tashi da imanin cewa abin da ake kira kiɗa yana bayan sautin, sautin kuwa ƙofa ce kawai.

Yana ɗan shekara 14 ya zama mai kaɗa ogan, babban kayan kiɗa mai maɓallai irin na piyano, a coci. Ya shiga jami'ar Yale a 1894, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya yi karatu a hannun Horatio Parker, wanda shi kuma a Jamus ya koyo. Wato Ives ya sha nonon kiɗan Jamusawa na zamanin Romantik, wato ƙarni na 19, sosai, na su Beethoven da Brahms da Wagner, ba baƙauyen da ya faɗo daga sama ba ne kamar yadda wasu masu yabonsa suka so su nuna daga baya. Da ya gama a 1898 sai ya shiga harkar inshora, daga baya suka kafa kamfaninsu shi da abokinsa Julian Myrick, kuma ya yi arziki. Kiɗa ya zama aikin dare da na ƙarshen mako. Wannan ya ba shi 'yancin da mai cin abinci da kiɗa ba shi da shi: ba sai ya faranta wa kowa ba.

Aro ba shi ya fara ba. A ƙarshen zamanin Romantik abin ya zama ruwan dare. Kashin ƙarshe na simfonin Brahms na farko, na 1876, yana da kari mai kama da na simfonin Beethoven na tara har kowa ya lura. Mahler ya ɗauki waƙar yara ya mai da ita kiɗan rakiyar gawa a simfoninsa na farko. Bruckner, a simfoninsa na tara da bai kai ga gamawa ba, ya dawo da wani yanki na kiɗan ibada da ya tsara tun da daɗewa. Haka kuma ra'ayin cewa kiɗa zalla yana kai mutum inda magana ba ta kaiwa tsoho ne a wurinsu. Tun 1810 marubuci E.T.A. Hoffmann ya yi sharhi a kan wannan simfoni na biyar ɗin, ya ce yana buɗe wa mai sauraro duniyar da ba ta da iyaka. Masanin falsafa Schopenhauer ya zo ya ɗora kiɗa a saman dukkan fasahohi. Abin da Ives ya ƙara shi ne ya ɗaure abubuwan nan biyu wuri guda, ya sa aron kansa ya zama hujjar falsafar.

Mutanen Konkod

Konkod ƙaramin gari ne a yamma da Boston, tafiyar kimanin kilomita 30. A tsakiyar ƙarni na 19 wasu marubuta suka taru a can kewaye da Ralph Waldo Emerson, tsohon limamin coci da ya ajiye limancin a 1832. Turawa na kiran ra'ayinsu Taransandantalizim, mu ce masu ƙetare zahiri. A taƙaice, sun yi imani cewa gaskiya mafi girma ba ta tsaya ga abin da ido ya gani ko abin da littafi da limami suka faɗa ba, mutum na iya riskar ta kai tsaye a zuciyarsa da kuma cikin halittu. A wata maƙala ta 1841 Emerson ya yi magana a kan Ruhi Mamayi, ruhi guda da ya game kowane mutum da kowane abu, har ya zama masani da manomi daga rijiya ɗaya suke sha. Jawabin da ya yi wa ɗaliban tauhidi a Harvard a 1838 ya tayar da ƙura, aka yi kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa ba.

Mai karatu da ya san littattafan sufaye zai ji wani ƙamshi da ya sani, kuma ba banza ba. Emerson ya karanta Hafiz da Sa'adi, mawaƙan Farisa, ta fassarar Jamusanci, ya yi waƙa da sunan Sa'adi, ya rubuta gabatarwa ga wani bugu na Gulistan a 1865. Ya kuma sha littattafan Hindu. Amma kada a wuce gona da iri. Emerson ba sufi ba ne, ba shi da shehi ba shi da ɗariƙa ba shi da wuridi, kuma ya ɗebo daga kowace ƙorama abin da ya dace da tulunsa ne kawai.

Akwai wata maƙalarsa da ta fi shafar zancenmu, wadda ya yi a kan ɗauko maganar wani da kuma ƙirƙira. A ciki ya ce kowane tunani ɗauko yake yi, tsoho da sabo su ne zare da saƙar kowane lokaci. In ruhi ɗaya ne ke magana ta bakin kowa, to mallakar magana ta zama ƙaramin al'amari. Wanda ya ɗauko abin wani da fahimta, nasa ya ɗauko. A nan falsafar ta buɗe wa aro ƙofa.

Masanin Ives, J. Peter Burkholder, ya nuna cewa Ives bai rungumi wannan ra'ayi sosai ba sai bayan ya manyanta, musamman bayan aurensa da Harmony Twichell a 1908, mace mai son adabi wadda sukan yi karatu tare. A shekarun da suka biyo baya ya fara wasu ayyuka na ƙungiyar makaɗa da sunayen mutanen Konkod, bai gama su ba, sai ya narkar da su cikin sonata ɗaya ta piyano, wadda ya ce ya kammala yawancinta zuwa 1915. Kashi huɗu ne: Emerson, Hawthorne, Iyalan Alcott, Thoreau. Ciwon zuciya ya kwantar da shi a 1918, da ya tashi sai ya ga lokaci na ƙurewa. Ya buga sonatar da kuɗin aljihunsa, ya haɗa da littafin maƙalu na share fage, ya yi ta aika wa mutane kyauta ta gidan waya, har da waɗanda bai taɓa gani ba. Yawanci ko sun yi shiru ko sun yi dariya. Shi ma da alama ya san haka za ta faru, don a farkon littafin ya rubuta cewa maƙalun ya yi su ne don waɗanda ba za su iya jure kiɗansa ba, kiɗan kuma don waɗanda ba za su iya jure maƙalun ba, waɗanda kuwa ba za su iya jure ko ɗaya ba, to su ya sadaukar wa aikin duka.

Wa ke ƙwanƙwasawa?

An fara kaɗa simfoni na biyar na Beethoven a Biyana, babban birnin Ostiriya, a Disamban 1808. Sakatarensa Anton Schindler ya yaɗa cewa maigidan ya ce sautukan nan huɗu ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Schindler mutum ne da aka kama da ƙirƙirar labarai, amma maganar ta zauna, har yau ita ake faɗa wa yara.

Ives ya karɓi ƙofar, ya karɓi ƙwanƙwasawar, sai ya juya su. A maƙalarsa kan Emerson ya ce ba ƙaddara ba ce take bugun ƙofar mutum. Ruhin ɗan Adam ne yake tsaye a ƙofar asiran Ubangiji yana ƙwanƙwasawa, cike da imanin cewa za a buɗe. Ya ma ƙarasa da cewa daga nan mutum zai zama na allahntaka, maganar da Musulmi zai ja birki a kanta, kamar yadda Kiristoci da yawa na zamanin Emerson suka ja. Ba hukuncin aƙidarsa ne aikina a nan ba. Abin lura shi ne juyin: a wurin Schindler mutum yana ciki yana tsoro, abin tsoron na waje. A wurin Ives mutum ne a waje, shi ke neman shiga.

Faɗar wannan a takarda abu ne mai sauƙi. Yaya za a sa piyano, wanda ba shi da baki, ya faɗe shi?

Mu da muka tashi da kalangu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Makaɗi na buga take, ba a furta ko kalma ɗaya ba, amma wanda ya san taken ya ji sunansa da kirarin gidansu, har tsigar jikinsa ta tashi. Baƙo kuwa ganga kawai ya ji. Karin waƙar da mutane suka sani yana tafe da baitocinsa a ɓoye. Ives ya yi aiki da wannan. Ya lura da wani abu ƙarami da ya zama mabuɗin aikin duka. In ka rera sautukan Beethoven da do-re-mi, za su iya fitowa mi, mi, mi, do: sauti ɗaya a maimaice, sai a sauko taki biyu. To akwai waƙoƙin coci biyu da duk wani ɗan ƙauyen yankinsu ya haddace waɗanda da haka suke farawa. Ɗaya ana kiran karinta Missionary Chant, na Charles Zeuner, na 1832. Ɗayar kuma Martyn, na Simeon Marsh, na 1834, karin da ake ɗora wa wata waƙar neman mafaka wurin Yesu lokacin da ruwa ya taso. Ya kuma jawo mafarin wata babbar sonatar piyano ta Beethoven, wadda ake kira Hammerklavier, ita ma mai bugun sauti a maimaice.

Sai ya ɗinke su cikin dogon kari guda nasa na kansa, wanda ya kira karin imanin ɗan Adam. Rabin farko na karin yana tafiya a hankali taki bayan taki, rabi na biyu ya faɗa cikin ƙwanƙwasawar. Idan ta zo, ba ka iya rantsuwa ko Beethoven kake ji ko waƙar su John Bell magini. Wannan rashin iya rarrabewar shi ne maganar. Emerson ya ce gwani da talaka ruhi ɗaya ne, Ives ya ajiye maka shaidar a kunne: ga abin da ya fito daga babban gwanin Biyana, ga abin da tsofaffi ke rerawa a tanti, sauti huɗu ne iri ɗaya. Ban san wata hujjar falsafa da aka kafa da kaya kaɗan haka ba.

Malamanmu na balaga sun bambanta satar baiti da iƙtibasi da tadmini, inda mawaƙi ke saka maganar da ta gabace shi cikin tasa yana so a gane ta. Wanda ya yi Ishiriniya ya san tahamisi, yadda Ibn Mahib ya gina a kan baitocin Alfazazi har aka daina jin inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara. Aron Ives na wannan gida ne. Ɓarawo ɓoye kaya yake yi, shi kuwa babban tsoronsa kada a kasa ganewa.

Yadda karin yake tafiya

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ba ya ba ka karin gaba ɗaya tun farko. Al'adar sonata ita ce a gabatar da jigo a fili, sannan a farfasa shi a yi wasa da gutsattsarin. Ives ya kifar da ƙwaryar. Gutsattsarin yake fara watso maka, cikakken karin sai can gaba. Burkholder ya sa wa wannan tsari suna, ma'anarsa gini mai taruwa. Ya kuma dace da abin da ake nufi, don mai neman gaskiya a wurin Emerson walƙiya yake fara gani nan da can kafin gari ya waye masa.

Kashin Emerson shi ne mafi tsawo da nauyi. Yana buɗewa da hannu biyu suna rabuwa, dama na hawa hagu na sauka, cikin sautuka masu karo da juna, kuma mafi yawan shafukan ba su da layukan da ke raba kiɗa gida-gida. Ives ya ce wasu wuraren zube ne wasu waƙa, kamar rubutun Emerson ɗin. Ba a jima ba ƙwanƙwasawar take faɗowa daga ƙasan piyano kamar an jefa dutse a rijiya. Tana dawowa a sama, a tsakiya, da ƙarfi, a raunane, amma ba a buɗe ƙofar. Gaskiya kashin nan yana gajiyar da kunne, kuma akwai wuraren da nake ganin Ives ya ruɗe ne kawai ya kira ruɗewar zurfi. Shi kansa ya ce duk lokacin da ya kaɗa shi sai ya ji bai ƙare ba, kuma ba ya so ya ƙare.

Kashin Hawthorne guguwa ce. Marubuci Nathaniel Hawthorne ya zauna a Konkod amma bai taɓa sakin jiki da ra'ayin maƙwabtansa ba, har ya yi musu shaguɓe a wani labari na 1843 kan jirgin ƙasa mai kai mutane aljanna a sauƙaƙe. Ives ya bar ɓangarensa na zunubi da nadama ya ɗauki na almara da mafarki. Ga kiɗan ragtaim na baƙaƙen Amurka, ga macin 'yan badujala, ga wata waƙar kishin ƙasa da ake wa Kolumbiya, wato Amurka, kirari, duk suna ture juna. A nan ne ya umarci makaɗi ya ɗauki wani ɗan katako mai tsawon inci 14 da kwata uku, wajen santimita 37, ya danna maɓallai masu yawa lokaci guda a hankali. Mutane na jin labarin katakon su zaci hauka ce da ƙara, alhali sautin da yake bayarwa laushi gare shi, kamar hazo. Can tsakiyar hargitsin komai sai ya tsaya cik, karin Martyn ya fito a natse kamar daga wata coci mai nisa, kafin ka gama sauke numfashi badujala ta tattake shi.

Falon gidan Alcott

Kashi na uku wajen minti 6 ne kawai, kuma shi ne wanda zan ce wa baƙo ya fara da shi. Bronson Alcott malamin makaranta ne mai yawan magana da manyan mafarkai da ƙarancin abin cefane. 'Yarsa Louisa May ce ta riƙe gidan da alƙalaminta, littafinta na 1868 kan 'yan mata huɗu 'yan gida ɗaya ya yi suna a duniya. A maƙalarsa Ives ya zana falon gidansu, wanda ake kira Orchard House: ga wani ɗan tsohon piyano da Sophia, 'yar'uwar Thoreau, ta ba yaran, ga Beth, ɗaya daga 'yan matan littafin, a zaune tana kaɗa tsofaffin waƙoƙin Sukotlan, tana kuma taɓa simfoni na biyar iya iyawarta.

Haka kashin yake buɗewa. Sautukan nan huɗu da suka yi ta tsawa a baya sun shigo a hankali, an jera musu muryoyi huɗu kamar waƙar coci, har ka rasa ko Beethoven ne ko Zeuner. Yarinya ce ke lalube a kan maɓallai da yamma. Jim kaɗan hannun hagu ya zame zuwa wani mazaunin sauti daban da na dama, abu ya ɗan karkace kamar piyanon da ya daɗe ba a gyara ba. Daga nan ya kumbura ya zama hayaniya, wadda masu sharhi da yawa ke ji a matsayin tsoho Bronson ya hau wa'azi. Sai a koma wata tattausar waƙar falo mai ƙamshin Sukotlan, da ɗan gutsuren macin aure na Wagner a ciki. Bayan duk wannan ne, a karo na farko cikin sonatar, karin imanin ɗan Adam yake fitowa cikakke daga farko har ƙarshe, da dukkan ƙarfin piyano, a mazaunin sauti mafi sauƙi, na fararen maɓallai zalla.

Dubi inda ya zaɓi a buɗe ƙofar. Ya bi ta ɗakin karatun babban masani bai buɗe ba, ya bari sai a falon gidan da ake fama da bashi, a hannun yarinyar da ba ta ƙware ba. Wannan zaɓi ya fi duk littafin maƙalun faɗar abin da Ives ya yi imani da shi.

Sai dai tarihi ya ɗan saɓa wa hoton. Elizabeth Alcott, wadda ita ce Beth ta littafin, ta rasu a Maris na 1858, kafin iyalin su tare a Orchard House. Ba ta taɓa zama a falon nan ba. Wato Konkod ɗin Ives ma na aro ne, ya haɗa shi daga littattafai da ziyara da kewar wata Amurka da yake ganin tana ɓacewa. Ni ban ga wannan ya rage wa kiɗan komai ba, amma yana tuna mana cewa ba tarihi muke saurara ba.

Kuɗin da aro ke ci

Dabarar tana da tsada, kuma an faɗa masa tun yana da rai. Elliott Carter, wanda Ives ya taimaka wa yana yaro ya kuma zama babban mai tsara kiɗa, ya rubuta sharhi mai zafi bayan wasan 1939, yana ganin aikin ya cika cunkoso kuma ɗauko-ɗaukon ba su isa su ɗauki nauyin da aka ɗora musu ba. Akwai gaskiya a ciki. Take yana magana ne ga wanda ya san shi. Ba'amurken 1915 da ya tashi a coci yana jin Martyn baitocin za su zo masa da kansu. Mai sauraro na yau a Tokiyo ko Legas, kai har a Niyok ɗin, Beethoven kaɗai zai gane, rabin hujjar ya zube. Kiɗan da aka yi don ya nuna cewa ruhin mutane ɗaya ne ya wayi gari yana bukatar littafin bayani kafin baƙo ya shiga. Daga baya kuma, a 1987, masanin tarihin kiɗa Maynard Solomon ya tayar da rigima cewa Ives ya riƙa mayar da kwanakin ayyukansa baya don a ce ya riga Turawa sabon salo. Binciken takardunsa da aka yi bayan haka ya gyara wasu kwanakin, amma bai taɓa zancen aron ba, don wannan a fili yake a bugun 1920.

Tsadar ta biyu ta fi wannan ciwo, kuma a kashi na ƙarshe take. Marubuci Henry David Thoreau ya gina bukka a bakin tafkin Walden, kusa da Konkod, ya zauna daga 4 ga Yuli, 1845 zuwa Satumban 1847. Cikin wannan zama ne aka kulle shi dare ɗaya a 1846 saboda ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta yarda da bauta. To karin da Ives ya zaɓa ya yi ta yawo a wannan kashi gutsure ne daga wata waƙar Stephen Foster ta 1852, irin waƙoƙin da fararen fata ke shafa baƙi a fuska su rera, wadda ke nuna bayi suna kukan mutuwar ubangidansu. Mai yiwuwa abin da Ives ya ji a cikinta makoki ne kawai, waƙa ce da mahaifinsa ke so, kuma wasu masana, irin su Stuart Feder, suna ganin kashin duka ta'aziyyar George ce a ɓoye. Amma ba mai aro ke zaɓar abin da kayan za su zo da shi ba. Idan baitocin Martyn na biyo karinsu, to na Foster ma suna biyo nasu, kuma sun zo sun zauna a bakin tafkin mutumin da ya kwana a kurkuku don ƙin bauta. Ban ga yadda za a karɓi dabarar a wuri ɗaya a ƙi ta a ɗayan ba.

Ives bai daina taɓa sonatar ba. Ya yi shekaru yana cika gefen shafuka da gyare-gyare, har bugu na biyu ya fito a 1947, shekarar da aka ba shi babbar kyautar nan ta Amurka, Pulitzer, saboda wani aikin daban, simfoninsa na uku. A 1943 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Niyok ya kaɗa kashin Alcott da hannunsa, kuma wanda ya bi shi da takarda zai ga ba ya tsayawa kan abin da ya rubuta. Ya rasu a 1954.

Kashin Thoreau yini guda ne na kaka a bakin ruwa, daga hazon asuba zuwa dare. Hannun hagu yana ta maimaita wasu sautuka uku a ƙasa, kamar tafiyar wanda ba ya sauri. Ana jin ƙararrawar gari daga nesa. Thoreau mai busa sarewa ne, sarewarsa na nan a gidan tarihin Konkod, don haka a shafukan ƙarshe Ives ya rubuta layi na sarewa, bayan an yi wajen minti 40 kusan ba a ji komai ba sai piyano. Ya bar wa makaɗi zaɓi, in babu mai busa piyano ya ɗauki layin. A wasu wasannin mai sarewar ba ya hawa dandali, daga bayan labule yake busawa. Abin da yake busawa shi ne karin imanin ɗan Adam, cikakke, a hankali, ba ƙarfi ko kaɗan. Idan ya yi shiru piyano ya koma kan sautukansa uku, sannan can sama, da ƙyar ake ji, a ƙwanƙwasa sau ɗaya.